Matoyar Bayan Gida

Tungar Maiwada, ta Maiyama
Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Maccido, a Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Ya zafi? Mu nan muna ta dahuwa, sai godiya.

Na buga maka waya har yatsana ya gaji, tana ta ruri ba ka ɗauka. To ga takarda ta hannun Lawali direba. Ita ba ta da wurin da za ka danna ta mutu, sai dai ka yage.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci mai shela ya zaga gari. Wai daga yau ba mai hura wuta a bayan gida ko a fili. Ba ƙona shara, ba ƙona kara a gona, ba farautar gafiya da wuta, har sai ruwa ya sauka. Wanda ya ƙi, 'yan sintiri su kashe wutar su kai shi gaban mai gari. Ina bakin darni ina ji, na ce madalla, an yi maganin 'yan gafiya. Sai maƙwabciyata A'isha ta leƙo ta ce, "Tabawa, har da ke fa." Na ce, "Ni kuma, ni da wa?" Ta ce har da matoyar da nike gasa tukwane, kuma wai kai ne ka taso takanas daga Aliero, ka tara masu albasa kunka kai wa mai gari maganar.

Ban yarda ba. Na ce mata Maccidon da ya yi rarrafe cikin tokar matoyar nan, Iya na gashin tukwane ni ina janye shi daga garwashi, ba shi ne zai ce a kashe ta ba. Shi ya sa nike tambayarka da kaina.

Tun da anka gama girbi nike haƙar yumɓu a bakin fadama, ina ɗauko shi a kai da wagga gwiwa da ka sani. Randuna, tuluna, tukwanen fura, kasaken turare, duk na gine, sun bushe, sun cika ɗakin Iya har zaure. Ɗanyu ne duka. Ka san ɗanyen tulu ƙasa ce kawai, ruwa na taɓa shi ya koma laka. Rufin ɗakin yoyo yake tun bara. Kara da kashin shanun da na tara don gashi su ma in sunka jiƙe, an gama.

Kuma ba don ado nike yi ba. Matan rugar su Dije suna jira kafin su tashi, matan gari suna jira. Kowace ta cika tukunyar da ta zaɓa da gero, ta juye mini, ta ɗauki abinta. Wanga gero shi nike ci har kaka. In babu shi, ɗiyata Zinatu da mijinta sun daɗe suna cewa in tattara in koma Jega. Ni, in zauna gidan suruki yana auno mini abinci? Wallahi na fi jin tsoron wagga rana da ciwon gwiwar.

Ka yi wa mai gari magana a bar ni in gasa. Yini ɗaya nike nema.

Ka gaida matarka da yara. Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Tabawa


Aliero
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Tabawa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na kuma gode da gaisuwa. Duk muna lafiya, iyali suna gaishe ki.

Ba raini ya hana ni ɗaukar waya ba. Na san idan na ɗauka ba za ki bar ni in kai ƙarshen magana ba, ni kuma ba na son mu yi musu. A takarda ina iya faɗin abin da ke raina.

Gaskiya ne, ina cikin waɗanda suka kai maganar, ba zan ɓoye miki ba. Kina nan bara, kin ga yadda rumbunan albasa suka kama ɗaya bayan ɗaya. Kara ne da ciyawa, kafin a ɗebo ruwa sun zama toka. Wahalar rani guda ta tafi ina tsaye ina kallo, garin ya daɗe yana warin gasasshiyar albasa. Auwal mai albasa har yau hannunsa bai miƙe ba, saboda shiga da ya yi don ya ceto nasa. Imran kuwa, da albasarsa ta ƙone kaf, ya bar gari, yana can kudu yana tura baro. Duk lokacin da na ji warin hayaƙi yanzu, gabana faɗuwa yake.

Ban ce daga matoyarki wutar ta tashi ba, kowa ya san masu farautar gafiya ne. Amma rumbunana na bana suna jikin darninki, na sauran mutane suna bayansu. Da wannan iska ta bazara tartsatsi ɗaya ya isa. Kuma idan aka ce an cire yayar Maccido daga doka, gobe mai ƙona gawayi zai zo da tasa hujjar, jibi mai gyaran gona. Da wane baki zan hana su?

Shawarata ita ce ki jira ruwa ya sauka a ɗage dokar. Idan ba za ki iya jira ba, a kwashe kayan a kai bakin fadama, can babu rumbun kowa.

Maganar Jega kuwa, Yaya, ban ga abin tsoro ba. Haidar mijin Zinatu yaron kirki ne, mahauci ne mai rufin asiri, kuma shi da kansa ya nema. Shekarunki sun kai ki huta.

Ki yi haƙuri da ni. Allah ya kiyaye mu da gobara, amin.

Ƙanenki,
Maccido


Tungar Maiwada
Ranar Asabar

Maccido,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, don Iya ba ta koya mana fara magana ba gaisuwa ba.

Na karanta takardarka, na kuma karanta wa A'isha. Ta ce hausarka ta yi kyau kamar ta mai labarai a rediyo.

Ka ce in jira ruwa. Wa ka taɓa gani ya gasa tukunya da damina? Da jiƙaƙƙen kara zan gasa, ko da lakar da za ta rage a ɗakin Iya? Aliero ka koma, ba wata duniya ba, kada ka yi mini kamar ba a gidan magina anka haife ka ba.

Ka ce fadama. Na gwada, don kada ka ce taurin kai ne. Labbo ya ara mini amalanken shanunsa, munka shimfiɗa ƙaiƙayi, munka ɗora kaɗan. Kafin mu wuce maƙabarta randa guda ta rabe biyu, tuluna sunka zubar da wuyansu. Labbo ya tsaya yana ba ni haƙuri kamar shi ya kafa dokar. Na tattaro gutsattsarin a zani na dawo gida.

Ka ce rumbunanka suna jikin darnina. To wa ya kawo su? Matoya ce ta tashi ta je ta same su? Kai ka zo kana neman wurin da ɓarayi ba za su taɓa maka kaya ba, na ce kafa nan, filin gidanmu ne, ni zan riƙa duba maka. Na kori awaki, na kori yara, ban taɓa cire ko ƙwaya ɗaya na sa a miya ba. Ashe gadin abin da zai kore ni nike yi.

Ita dokar taku ma ta san gidajen da take shiga. Ran Talata an yi suna a gidan wani mai albasa, an kafa murahu a tsakiyar hanya, wuta har tana lasar katanga. 'Yan sintiri suna wurin, kowa da kwanonsa a hannu.

Ni tun ina budurwa nike gashi a wanga wuri, ko kazar maƙwabta ba ta taɓa ƙonewa ba. Ina share fili ƙal, ina jiran iska ta kwanta, ba na ɗagawa sai garwashi ya mutu. Ka san wannan, ka gani da idonka.

Kuma ka ce in huta. Hutun da za a ajiye ni a ɗakin baya, in riƙa ɓoye fuska duk sa'ad da mijin ɗiyata ya shigo gidansa, in riƙa jira a ce mini ga tuwo? Raina ya ɓaci da kai, Maccido, ɓacin da ban taɓa yi ba.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas da marece. In ba ka yi magana ba, ni zan kunna, su zo su kai ni gaban mai gari da tsufana. Sai ka zo ka ba da shaida.

Ka gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Tabawa


Jega
Ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Maccido.

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaisuwa da girmamawa, Haidar ma yana gaishe ka.

Jiya na je ganin Inna. Kawu, ta rame. Ta bi tukwanen nan duk ta lulluɓe da tsofaffin buhuna da leda, ita kuma tana zaune a ƙofar ɗaki tana kallon gabas. Na dama mata fura, ta kurɓa ta ajiye.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ni ina son ta dawo wurina. Ɗakinta a share yake tun bara. Amma ina son ta zo da ƙafarta, ba a koro ta ba. Idan kayan nan suka lalace, ban san wace Inna za a kawo mini ba.

Mai gari yana jin maganarka. Don Allah, Kawu, ka taimaka. Idan an sa rana zan zo in kama mata.

Ɗiyarka,
Zinatu


Aliero
Ranar Litinin ta sama

Zuwa ga Yaya Tabawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, takardarki ta yi mini zafi, amma ke babba ce, ba zan rama ba. Ta Zinatu ma ta iso.

Na je wurin mai gari, na zauna da masu albasa. An sha gardama, har wani ya ce mini ashe dokar ta talakawa ce. Na haɗiye. A ƙarshe an amince ki gasa ranar Alhamis mai zuwa, bisa sharaɗi. Za a kunna bayan hantsi, lokacin da maza suke gari. 'Yan sintiri za su tsaya da gangunan ruwa. Kuma an ce kafin la'asar wuta ta mutu, idan ba ta mutu ba su kashe ta.

Na san abin da za ki ce game da sharaɗin ƙarshe. Ban manta ba, na san ba a zuba wa tukunya mai zafi ruwa, na san sai ta kwana cikin toka ta huce da kanta. Amma da ban yarda da shi ba da ba a ba da izinin ba sam. Magana ce ta baki don a rufe bakin masu gardama. Ni da kaina zan zo in tsaya. Muddin ina wurin, ba wanda zai ɗaga bokiti.

Ki shirya kayanki. Allah ya sa a gasa lafiya.

Ƙanenki,
Maccido


Tungar Maiwada
Ranar Litinin

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Inna ta ce ba ta da abin rubutawa, ni kuwa ina da shi, don ina son ka ji daga bakin wanda ya gani.

Ran Laraba ka zo da babbar mota aka kwashe albasarka kaf, saboda kasuwa ta yi kyau. Ina jinka ka leƙo ta kan darni ka ce, "Yaya, gobe da hantsi ina nan." Inna ta yi murna ranar, har ta ci tuwo.

Ran Alhamis tun da safe A'isha da matan unguwa suka zo muka yi ta fito da kaya. Inna ce ke jerawa da hannunta, randuna a ƙasa a kife, tuluna a kansu, ƙananan a sama. Muka rufe da kara da kashin shanu da ciyawa. Yasir, shugaban 'yan sintiri, ya zo da mutanensa da gangunan ruwa a baro, suka zauna a inuwar darbejiya.

Da hantsi iska ta taso, irin mai kwasar shara tana juyi da ita. Yasir ya ce, "Inna Tabawa, a kunna mana, lokaci na tafiya." Ta ce, "A cikin wagga iska? In kunna ta kwashi wuta ta kai gidan mutane?" Ta ƙi. Tana jiran iska, tana kuma duban hanya. Na kira wayarka ba ka ɗauka ba.

Sai bayan azahar iskar ta kwanta. Ta yi bismilla ta kunna. Kawu, wutar ta ci yadda ake so, ba ta karkata ko'ina ba. Da harshen ya faɗi, ta cikin toka kana hango randunan sun yi ja. Inna ta ce mini a hankali, "Bana sun yi kyau."

Sai ladan ya kira la'asar.

Yasir ya taso ya ce lokaci ya yi. Inna ta ce, "Ɗana, dubi, ba sauran harshe, garwashi ne. Ka bar su su huce, ni zan zauna a nan har safe." Na ce masa rumbunan da ke kusa ai babu komai a ciki, jiya aka kwashe. Ya ce, "Mu ba a ce mana sai in da albasa ba. La'asar aka ce. Da Alhaji Maccido yana nan ya faɗa da bakinsa ya ɗauki nauyi, da mun bari."

Ba zan zalunce shi ba, ya jira har aka idar da salla. Ya kira ka da wayarsa, ina tsaye, tana ta ruri. Sai masu rumbunan baya suka fito daga masallaci suka fara ɗaga murya, wai an yi sharaɗi a gabansu, wai ita wace ce. Wani ya ce in sintiri ba za su yi aikinsu ba a sauke su. Yasir bai kalli Inna ba ya ce a zuba.

Na ji ƙarar, Kawu. Tas, tas, ɗaya bayan ɗaya, manyan kuma kamar an buga bindigar toka. Tururi ya rufe mu, A'isha ta fashe da kuka. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta zauna a kan turmi tana ji har suka gama fashewa. Da safe muka tona tokar, kasaken turare kaɗan ne suka fita, su ma da tsaga.

Ran Juma'a matan ruga suka iso da gero a kai. Suka tsaya suka kalli tarin, suka yi jaje, suka juya. Dije ta ajiye ƙwaryar geronta a zaure ta tafi, Inna ta sa na bi ta da ita har bakin gari.

Ran Asabar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jiya mai shela ya zaga ya ce an ɗage doka, kowa na iya ƙona shararsa. Yanzu haka da nake rubutu maƙwabta suna ƙona tasu, hayaƙin yana shigo mana.

Ban san abin da ya riƙe ka ba. Ina jin haushinka, Kawu, kuma ban iya ɓoyewa ba. Ka gafarce ni idan na yi rashin kunya.

Zinatu


Aliero
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Tabawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya, ban san ta inda zan fara ba.

Wallahi da niyyar zuwa na kwana. Masu saye daga kudu ne suka riƙe ni a kasuwa, ana zazzage buhuna ana dubawa, idan na tashi cinikin ya watse. Wayar tana aljihun rigata a rumfa. Na lissafa cewa za ki kunna da hantsi, ni kuma in iso kafin la'asar. Da na ɗaga kai rana ta riga ta karkata. Na hau mota duk da haka, a Jega na haɗu da Lawali ya faɗa mini. Na kasa ƙarasowa, na juya. Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba.

Na san hujja ba ta gyara komai. Ga buhunan gero nan na ba Lawali, za su kai ki kaka har su wuce. Ba sai kin je Jega ba, ki zauna a ɗakinki. Zan turo a gyara rufin. Idan rani ya yi zan janye rumbunana daga jikin darni, in yi wa mai gari magana tun da wuri.

Ki yafe mini don darajar Iya. Idan kin yarda zan zo ran Juma'a in durƙusa a gabanki.

Ƙanenki,
Maccido


Jega
Ranar Alhamis

Maccido,

Wa alaikumus salam. Lawali ya same mu muna ɗaure kaya, shi ya kawo mu Jega. Geronka yana motarsa, zai sauke maka a tasha.

Kada ka janye rumbunanka. Matoya ma ba kowa a kanta yanzu, ka ƙara wasu a wurin, ƙasar ba ta riƙe ruwa. Makullin gida yana hannun A'isha.

Ka ce in yafe. Na ji. Kada ka zo ran Juma'a, nan gidan mutane ne, ba ni da inda zan sauke baƙo.

Mijin Zinatu yana gaishe ka. Shi ke ci da ni yanzu.

Wassalam,
Tabawa